Kayan Kiru Ba A Sayar Da Su A Kiru

Ku da kuke zaune a kan katifa kuna latsa waya kuna cewa dillanci ba wuya, ku ba ni kunnenku. Sunana Tasalla. Haihuwar Bebeji ce ni, aure ya kawo ni Kiru, kuma tun kafin a yi wa iyayen wasunku kitson yaye nake ɗauke da daro a ka ina shiga gidajen mutane. Maganata a kan gida ɗaya ce, gidan Hajiya Saude, wanda shi kaɗai ya rage mini cikin manyan gidajen da nake shiga, da yadda wata waya da aka binne a gefen titin Kwanar Dangora ta tashi raba ni da shi. Amma sai kun fara sanin sana'ar tukuna, don na lura ba ku san ta ba.

Aikin farko da Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina, ta ɗora mini, jerin langa ne masu jan fure. Na wata mata ne a unguwarmu a Bebeji, mijinta ya daɗe a kwance, ta sauke su daga bango ta ba Gwaggo a asirce. Ni da zumuɗin ƙuruciya na ce, ai matar gidan da ke kallon nasu irin waɗannan take nema, mu miƙa mata mu huta. Gwaggo ta kama kunnena ta murɗe.

"Ke ba ki da hankali ne? Gobe ta shiga barka gidan maƙwabciya ta tarar da langarta a bangon wata? Da wane ido za ta fita?"

A ka na kai su tasha, muka shiga motar Tudun Wada. A hanya ta faɗa mini dokar da na rayu a kanta. Kayan da aka sayar don marmari, a ko'ina a sayar. Kayan da aka sayar don rufin asiri ba sa kwana a garinsu. Na Bebeji su tafi Tudun Wada, na Kiru su tafi Doguwa, na Doguwa su gangaro Badafi. Nisan shi ne rabin aikin, ciniki shi ne ɗaya rabin.

Kayan aikin ba su da yawa. Daro babba, gammo, da zane mai duhu na rufewa, don farin zane yana nuna siffar abin da ke ƙasa. Tsummokara da ake cusawa tsakanin kwano da kwano, saboda dillaliyar da kayanta ke ƙara a lungu ta riga ta yi shela. Farin ƙyalle da nake jiƙawa in goga a gefen atamfa in ga ko tana zuba. Farcen babban yatsana ban taɓa yanke shi ƙasa ba, da shi nake ƙwanƙwasa kwalla da tangaran, mai tsaga muryarta a dushe take fita. Sauran kayan aikin ido ne da baki. Ka shiga gida ka ga murhu ba toka, ka san yau ba saye za a yi ba, za a ja ka ƙuryar ɗaki ne. Sai ka ajiye daronka ka yi ta gaisuwa har mai gidan ta sami bakin magana.

Masu saye kuwa iri-iri ne. Akwai wadda za ta sa ka baje komai a tabarma, ta gwada kowane ɗan kunne, ta kira 'yan gidan su gani, sannan ta ce sai an sayar da masara. Akwai mai yin tayin da zai sa ka ji kamar an mare ka. Ba ka fushi, ka ce albarka, ka fara ninke zane a hankali, a hankali sosai, har ta ƙara. La'adarka tana cikin wannan ninkin.

Kayan ɗakin Hadiza, babbar 'yar Hajiya Saude, su suka buɗe mini gidan. Lokacin Alhaji, mijin Hajiya, yana da rai, yana loda motocin hatsi zuwa kudu. Wata da watanni ina haɗa kayan, kumbo daga nan, samira daga can, gado sai da na tsaya a kan kafinta. Ranar jere, dillaliyar da ta haɗa kaya ita ke tsayawa a tsakiyar ɗakin amarya tana cewa wannan a nan, wancan a can. Matan da suka zo ganin ɗaki za su tambaya, wa ya haɗo? A ce Tasalla. Wannan kalmar ita ce cinikinka na shekara mai zuwa. Duk 'yan matan gidan ni na tsaya a tsakiyar ɗakinsu. Da aka haifi auta, Nafisa, Hajiya ta miƙo mini ita a zanen goyo ta ce, "Ga ta ƙarshe, Tasalla, Allah Ya kai mu ki yi mata." Na riƙe wannan maganar.

Shekarar da tsutsa ta cinye masara ita ce mafi muni da na gani. Daga Kiru har gindin duwatsun Doguwa kowa mai sayarwa ne, babu mai saye. Na ɗauki tasoshin wata zuwa Tudun Wada, na tarar matar da na nufa ta ɗaure nata tana jirana. Takalmi biyu suka mutu a ƙafata. A wannan shekarar ne wata maƙwabciyata ta kawo mini 'yarta Rabi, ta ce in koya mata ko ta sami na sabulu. Yarinya ce mai shiru, mai saurin ɗauka. Na koya mata ƙwanƙwasa, na koya mata farin ƙyalle, na koya mata ninkin zane. Ban ɓoye mata komai ba. Daga baya ta auri wani mai shagon kwamfuta a Kwanar Dangora, inda yara ke rajistar jarrabawa, gidansu yana bayan shagon.

Wata rana ina cikin mota na ga samari sun tsaga rami siriri a gefen titi, suna kwantar da wani tiyo ruwan goro. Na ɗauka ruwan famfo ne, har na ce Allah Ya sa ya iso Kiru. Direba ya yi dariya ya ce, "Iya, wannan ba ruwa ba ne, intanet ce." Ban mayar da hankali ba. Mijin Rabi ya ja wayar intanet ɗin zuwa shagonsa, daga shago ya ratsa katanga ya shigar da ita ɗakin matarsa.

Ranar da na fara ganin abin, ruwan sama ne ya tare ni a Kwanar, na fake a gidanta. Ta tare ni da ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta durƙusa, ta karɓi darona, ta kawo fura. A bango na ga wani farin akwati kamar gidan sabulu, da 'yan fitilu koraye suna ƙyafta ido.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Faiba ce, Iya. Zare ne na gilashi, bai kai kaurin gashin wutsiyar saniya ba, haske ne ke gudu a ciki. Ba ruwanta da hadari, ba ruwanta da sai an hau katanga neman sabis. Sau ɗaya ake biya a wata, ni ina kai, shago yana kai, yara suna karatunsu a kai, ba ta gajiya."

"Ba ta gajiya," na ce. "Ai ba ta da gwiwa."

Muna cikin haka wayarta ta yi ƙara. Wata mata ce daga Doguwa, matar da na sani, na sha shiga gidanta da ƙurar hanya har gira. Fuskarta ta fito tas, har ina ganin kwallin idonta. Rabi ta jingina wayar da filo, ta warware leshi, ta juya shi gaba da baya, ta kusanto da shi har ana ganin zaren. Matar ta yi tayi. Rabi ta ce albarka, ta fara ninkewa a hankali. Ninkina. Matar ta ƙara, Rabi ta sallama, ta ce gobe direba zai sauke mata. Ruwa bai tsagaita ba, furar da ke hannuna ban kai rabi ba, an gama cinikin da ni sai na ratsa dajin Falgore in kwana in dawo. Ƙafarta ko laima ba ta taɓa ba. Nawa zanen yana ɗiga a kan ledar ɗakinta.

"Iya, da kin kawo kayanki ina ɗora miki hotonsu a sitatus ɗin waya mutane su gani," ta ce.

"Kayana ba su saba tsirara ba."

Daga nan gidaje suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda ta kore ni. Za a yi mini shimfiɗa, a kawo ruwa, in buɗe daro, a ce ayya Iya, irin wannan jiya muka gani a wurin Rabi, har kala huɗu. Amaren yanzu ba sa son jiran ranar da za ka zagayo. Suna kwance suna zaɓe. Na ce ba komai, ina da gidan Hajiya Saude, kuma Nafisa ta kusa gama karatun jinya a Zariya. Ranar da na tsaya a tsakiyar ɗakinta, duk Kiru za ta tuna da ni.

Da aka sa rana, Hajiya ta aika in zo. Na sa sabon gammo. Na tarar ta yafa mayafi, mota tana jira a ƙofa.

"Tasalla, Kwanar za ki raka ni. Yaran nan sun ce a wurin Rabi za a zaɓi kaya, don Nafisa ta gani daga makaranta, Hadiza ma ta gani daga Jos. Na ce ba inda za ni sai da ke. Ki zo ki sa mana ido."

In sa ido. Ni da aka miƙo wa jaririyar a zanen goyo.

Na je. Mijin Rabi ya kawo babban allon kwamfuta ya kafa a falo. Nafisa ta fito a gefe guda da fararen kayanta, Hadiza a ɗaya gefen tana ba ɗanta abinci, suna ta musu a kan labule kamar suna ɗaki ɗaya. Tun hantsi har azahar abin bai yanke ba ko sau ɗaya. Na zuba masa ido ina jira ya yanke. Da aka fito da tangaran na ce a miƙo. Na ƙwanƙwasa kowanne, sama da ƙasa, ina neman mai dusasshiyar murya. Babu. Na jiƙa ƙyallena na goga a kowace atamfa har hannuna ya yi zafi, ƙyallen ya fito fari.

"Iya Tasalla, yaya?" in ji Nafisa daga cikin allon. "Sun ci jarrabawa?"

"Wadda ta zaɓo su ta sami mai koya mata," na ce.

Suka yi dariya, har da Rabi. Ni ban yi ba.

Da muka koma Kiru na ɗauki darona zan wuce, Hajiya ta ce in shigo ciki. Ta tura ƙofar ƙurya. Tun rasuwar Alhaji na lura da gidan, motocin sun tafi ɗaya ɗaya, rumbun baya ya daɗe ba a buɗe shi ba, amma ba a taɓa ja na ƙurya a gidan nan ba. Ta buɗe adaka ta fito da wani ƙullin hankici. Sarƙarta ce ta Makka, mai faɗi, mai tsarin ganyen dabino, da wani ɗan dutse kore a tsakiya. Babu macen da ta taɓa zuwa biki a Kiru da ba ta san sarƙar nan ba.

"Kayan da kika gani ɗazu, da wannan za a biya," ta ce. "Yaran ba su sani ba, kuma ba za su sani ba."

"Ki ba Rabi mana, Hajiya. Kafin la'asar ta samo miki mai saye, ba ta ko tashi daga katifa ba."

"Tasalla."

"Ai ba ta gajiya, faibar."

"Tasalla, da girmanki. Karɓi."

Na karɓa. Wato ni zan taka ƙasa in nemo abin da za a zuba a hannun Rabi. Na ɗaura ta a ƙugu ƙarƙashin zane, washegari na hau motar Doguwa.

Gidan da na nufa na wani mai sayen masara ne, matarsa Hajiya Lami ta daɗe tana ce mini in na sami zinarin Makka na da, in tuna da ita. Ta ga sarƙa, idonta ya kasa barinta. Tayin farko da ta yi ya wuce abin da na sa rai. Ban ko taɓa hankicin ba ta ƙara. Sai 'yarta, matar aure ce da ta zo wuni, ta ɗaga waya.

"Umma, sa ta a wuya in ɗauke ki, in tura wa su Anti su gani."

Na kifa tafina a kan sarƙar.

"Ba a ɗauka."

"Ikon Allah. Iya, kayan sata ne?"

"Da uwarki ba ta zaune da na ba ki amsa. Sauke wayar."

Hajiya Lami ta tsawata mata, ta ba ni haƙuri, ta ce ba za a ɗauka ba, mu gama ciniki. Ina shirin sallamawa sai ta ce, "Bikin ƙanwar maigidan nan da za a yi bayan Salla, da ita zan shiga." A nan na tsaya. Na tuna ranar da na fake wa ruwa, Rabi tana ta shafa waya tana nuna mini matan Doguwa a wurin wani biki, kowacce da abin wuyanta, har ina iya ƙirga duwatsun. Yau na hana hoto ɗaya. Ranar biki wa zai hana? Kafin a kwashe kwanukan abinci, sarƙar Hajiya Saude tana cikin tafin kowace mace a Kiru, a wuyan wata. Gwaggo Dije ta ce nisa shi ne rabin aiki. To, an binne nisan a gefen titi. Doguwa ta zama gidan maƙwabta.

Na ƙulle hankicin.

"Albarka, Hajiya."

"In ƙara ne?"

"Ko kin ninka. Ba rabonki ba ce."

Ta raka ni da magana har zaure, ta ce tsufa ya fara taɓa ni, kada in ƙara taka mata gida. Ban ƙara ba.

A Tudun Wada na sauka, wurin wani maƙerin zinari da muka daɗe muna hulɗa. Shi nauyi yake saye, ba ya biyan aikin hannu, ba ya biyan sunan Makka. Ya ɗora a sikeli ya faɗi nasa, ya yi ƙasa sosai da na Hajiya Lami. Ya ce abin tausayi ne a fasa irin wannan, gara ya bar ta a gilashi ya sayar da ita yadda take.

"A gabana za ka narka ta," na ce, "ko in tafi da abata."

Ya ɓamɓare ɗan dutsen ya miƙo mini, ya sa sauran a ɗan kaskonsa ya kunna wuta. Ganyen dabinon suka lanƙwashe suka haɗe. Ban tashi ba sai da ta koma dunƙule kamar ƙwallon goriba ƙarami.

A motar komawa na san abin da ke jirana. An ba ni amanar sayarwa, na ƙi babban tayi na karɓi ƙarami, ban yi shawara da mai kaya ba. Dillalai da yawa sun rasa gida a kan abin da bai kai wannan ba. Na shiga ƙurya na ajiye mata abin da aka samu, na ɗora koren dutsen a kai, na faɗa mata komai yadda ya faru, ban rage ba. Ta daɗe tana juya dutsen a tafinta.

"Bai kai ba, Tasalla."

"Na sani."

"Sai an cire kabad ɗin tangaran ɗin nan da Nafisa ta fi so."

"A cire."

Ta ajiye dutsen. Can ta ce, "Kin tsaya har ta narke?"

"Har ta zama ruwa."

"Ɗauki la'adarki."

Na ɗauka. Ba sadaka na fito yi ba.

Ranar jere Rabi ce a tsakiyar ɗaki. Waya a hannu ɗaya tana zagayawa da ita don dangin da ke nesa su gani, ɗaya hannun tana nuna wannan a nan, wancan a can. Ni ina bakin ƙofa a kan tabarma tare da tsofaffi. Mata suna shiga suna fita, ina jin su. Wa ya haɗo? Rabi ta Kwanar. Kai, yarinyar nan ta iya. Ba ni lambarta. Wata ƙawar Hajiya ta dube ta ta ce, yau ina ta Makka? Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Wuyan ya tsufa, ba ya son nauyi." Aka yi dariya aka wuce. Babu wadda ta sake tambaya, ranar ko bayanta.

Da Hajiya ta zo wucewa ta gabana ta sunkuya kamar tana neman takalminta.

"Ranar Laraba ki biyo ta ƙofar baya," ta ce ƙasa-ƙasa. "Matar ƙanena tana son ganinki."

To, kun ji. Ƙofar gaba ta Rabi ce yanzu, da taku, ku masu akwati mai ƙyafta ido. Abin yana da amfani, na gani da idona, ban ce ba shi da shi ba. Ni an bar mini ƙofar baya, kuma aikin ƙofar baya in ya yi kyau babu mai cewa wa ya yi.

Da taro ya lafa Rabi ta zo ta durƙusa a gabana da kwanon waina, gumi a goshinta, fuskarta sai sheƙi take.

"Iya, yaya kika ga jeren?"

Na leƙa ɗakin. Na duba daga sama har ƙasa, na sake dubawa.

"Kumbon can na ƙarshe ya karkace."

Bai karkace ba. Ta tashi ta je ta gyara shi.